Fostar Malam Isyaku a Kuala Lumpur

Mun tashi da asuba, ƙarfe shida saura kwata, ranar wata Laraba, bayan an idar da sallah. Mu huɗu ne a motar: ni, da uwargida, da ƙanena da ya tuƙa mu, da wani maƙwabcinmu da ya ce sai ya ga shigarmu filin jirgi da idonsa. Akwati biyu muka ɗauka. Na farko kuka ce da daddawa da busasshiyar kuɓewa da kanwa da garin kunu, kayan mai jego. Na biyu tufafinmu. Sai wata ƙaramar jaka da uwargida ta hana a saka a but, a cinyarta ta riƙe ta har muka isa.

Zan fara da dalilin tafiyar, don kada mai karatu ya ruɗe. Dalili biyu ne. Na farko, 'yarmu da ke aure a Malesiya ta haihu, mijinta yana karatun digiri na uku a can, ya kuma aiko da tikiti. Wannan aikin uwa ne, bai shafe ni ba. Na biyu shi ne ya sa na rufe shago na bi ta.

Sana'ata rubuta allunan shaguna a Fagge. A wurin Malam Isyaku mai zayyana na koya, kuma 'yarsa nake aure. Waɗanda suka manyanta a Kano za su tuna fostocinsa ko da ba su san shi ba. Babbar takarda ce, sunayen Allah a tsakiya da rubutunmu mai kauri, a kewaye da jerin da'irori ja da kore da ruwan ɗorawa, a ƙasa an rubuta da ajami, Allah ya tsare wannan wuri. Da hannu yake yin kowacce. Masu shayi da teloli da masu tireda suna saya su manna a bango. Malam ba ya sa sunansa a aiki, kuma bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba.

Yana da wata ƙa'ida. Ba ya soka allurar kamfas a takardar da ke ɗauke da sunan Allah. Saboda haka da'irorinsa duka da awarwaron 'yarsa yake zana su, wanda ya karɓa a hannunta tana ƙarama. Awarwaron ya taɓa maƙalewa a ƙyauren ƙofa ya lotsa a gefe ɗaya, don haka duk da'irar da Malam ya zana tana da wannan ɗan lotson. Bayan rasuwarsa aka sami awarwaron a akwatin launukansa, aka miƙa wa mai shi. Shi ne a cikin jakar nan.

Fostocin kuwa babu su. Kowa ya san al'adarmu: takardar da ke da sunan Allah idan ta tsufa ba a yar da ita, ƙona ta ake yi a binne tokar, don kada a taka. Waɗanda suka rage a ɗakin Malam, gara da ɗigar ruwa sun taɓa su, 'yan'uwansa suka ƙone su bayan sadakar arba'in. Na mutane ma haka suka bi ɗaya bayan ɗaya. Uwargida ta kai shekarun jikoki ba ta da fuskar mahaifinta, ba ta da aikin hannunsa.

Watanni kafin haihuwar, surukina ya kai yara wani gidan tarihi a Kuala Lumpur, ya ga takarda a bango da ajamin Hausa, ya ɗauka a waya ya turo. Hoton bai fita ba, hasken gilashi ya cinye rabinsa. Amma uwargida ta kalla ta ce na Baba ne. Tun daga ranar ba ta sake maganar ba, sai dai na ga ta fito da awarwaron ta wanke shi da toka.

Tafiyar jirgi ba ni da abin faɗa da yawa a kanta. Doguwa ce. Mun yada zango a wani filin jirgi a ƙasar Larabawa, muka yi sallah, muka sake hawa. Abincin jirgi kamar na marar lafiya, komai ɗan kaɗan a cikin roba. Uwargida ta ci burodin ta mayar da sauran.

Surukina ne ya tarbe mu. Abu na farko da na lura da shi, iskar garin jiƙaƙƙiya ce, kamar an tafasa ruwa an rufe ɗaki. Na biyu, direba a dama yake zama, mota kuma hagu take bi. Duk kwanar da aka sha sai na taka birkin da babu shi. Titunan shimfiɗaɗɗu ne, gada kan gada, gefe da gefe gonakin kwakwar manja har inda ido ya tsaya. Ban ga rami ba, ban ga wanda ya tare hanya yana tambayar na goro ba.

Unguwarsu ana ce mata Setapak. Dogayen benaye ne cike da ɗalibai, baƙaƙen fata da yawa, a ƙasa jerin shaguna. Gidan nasu a hawa na sama yake, ɗaki uku ƙanana da falo ɗaya. A nan surukuta ta sha wahala. Yaron nan ba ya cin abinci a gabana, kuma babu zaure, babu tsakar gida. Da an kawo kwano sai ya ɗauki nasa ya fita baranda, inda ake shanya. Ranar da aka yi ruwa na ga ya tsaya da kwano a hannu yana duban sama. Na ce masa ya zauna, mu juya wa juna baya. Haka muka yi har na bar garin.

Jikokina suna jin Hausa amma ba sa mayarwa. Ka ce su zo su ci abinci, su ce makan. Ka aike su, su ce boleh, wato to. Na yi wa uwarsu faɗa a kan wannan. Ta ce, Baba, makaranta ce. Na ce makaranta ba ta kwana a gidan.

Da safe surukina yakan kai ni mamak, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi, a ƙasan benen. Suna yin wata waina ta fulawa mai laushi da miyar wake, da shayin madara da ake ɗagawa sama ana zubawa daga kofi zuwa kofi, kamar yadda masu shayinmu suke yi, sai dai nasu ya fi kumfa. Idan ba za ka ci a nan ba sai ka ce tapau, a ƙulle maka. A kuɗinsu abin ba tsada. Idan ka juya shi zuwa naira sai ka ajiye cokali. Surukina ya roƙe ni in daina juyawa.

Ni kuwa ko'ina allo nake kallo. Shago ɗaya sai ka ga rubutu iri uku ko huɗu: boko, da na Sinawa, da na Indiyawa mai lanƙwashe-lanƙwashe, wani lokaci da ajaminsu. Ajamin na iya haɗa baƙaƙensa, amma ban san abin da na karanta ba. Yawancin allunan na inji ne. A tsoffin shagunan Sinawa ne na ga aikin hannu, ruwan zinare a kan baƙin katako, kuma wanda ya yi su ya iya riƙe buroshi.

Sai da aka yi suna, mai jego ta fara jin ƙarfi, sannan muka tafi gidan tarihin, ni da uwargida da surukina. Jirgin ƙasan da ke bi ta sama muka hau. Ba shi da direba. Na je har gaba na duba, babu kowa, sai gilashi da yara suna leƙe. Uwargida ba ta kalli komai ba, jakarta kawai ta riƙe.

Gidan tarihin fari ne tas, da sanyi kamar cikin firiji. Surukina ya wuce gaba, ya kai mu ɗakin da ya ga fostar, ya tsaya a gaban bangon. Wasu darduma ne a rataye a wurin. Ya duba hagu, ya duba dama, ya zaga ɗakin ya dawo. Ya tambayi wani ma'aikaci, aka ce masa an sauke wannan nunin tuni. Takarda ba ta daɗewa a haske, in ji shi, watanni kaɗan ake nuna ta sannan a mayar da ita ma'ajiya ta huta, wani lokaci shekaru. Ma'ajiyar kuma ba a shiga sai masu bincike, da izini.

Uwargida ta nemi benci ta zauna. Da muka fito ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, irin wanda suke yi kusan kullum bayan azahar. A jirgi ta ce mini, "Maigida, a bar shi. Dama ban saba da ganinsa ba." Na ce ba za a bari ba.

Surukina ya tura musu saƙo ta kwamfuta. Aka amsa cewa an karɓa, za a duba. Muka jira, ranar komawarmu tana matsowa. Na ce masa wannan ba hanya ba ce. A inda na fito, idan kana neman abu a wurin babba, zuwa kake yi da ƙafarka, ka gaishe shi, ka ajiye ɗan abin gaisuwa, sannan ka faɗi buƙata. Ya ce, Baba, nan ba a yin haka. Na ce to yau za a fara. Na ɗauki sabuwar hula zanna da na zo da ita, da kwalbar turare, na sa babbar riga, muka koma mu uku.

A bakin ofis na ce a yi mini iso wurin mai gidan. Aka daɗe ana kai da kawo, sannan wata mata ta fito, Bamalaya 'yar ƙasar, mai matsakaicin shekaru, da ɗankwali da tabarau. Ita ce mai kula da takardun gidan. Hular dai ta tashi a banza. Na miƙa turaren, ta ja da baya ta ɗaga hannu biyu, fuskarta ta yi ja. Surukina ya raɗa mini cewa a wurinsu wannan kamar cin hanci ne, za a iya korarta. Na mayar da shi aljihu, na ce ya ba ta haƙuri, ya gaya mata gaisuwa ce, kuma na janye. Ta yi dariya, ta ce mu shigo mu zauna.

Na yi bayani daki-daki, surukina yana juyawa da Turanci: wane ne Malam, yaya yake aiki, me ya sami fostocin, wace ce wannan da ke zaune. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce takardar a cikin tarin kayan Afirka ta Yamma suka saye ta daga wani dillali a Turai, kuma abin da ke rubuce a kanta shi ne ba a san mai zanen ba. Ta tambaya, da ladabi, ta yaya muka san tasa ce tunda babu suna. Uwargida ta buɗe jaka ta ajiye awarwaron a kan tebur. Na bayyana maganar kamfas da lotson. Matar ta ɗauke shi ta juya a haske, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗaga waya. Da ta ajiye ta ce mu dawo washegari da hantsi.

Ma'ajiyar a ƙarƙashin ginin take. Kafin shiga akwai ƙa'idoji, kuma na ji daɗinsu, don ni mai son tsari ne. A ajiye jaka. A wanke hannu. Ba biro, sai fensir. Ba a taɓa komai. Ɗakin ba taga, sai jerin durowoyin ƙarfe masu faɗi. Ta jawo ɗaya, ta fito da wani kwali, ta shimfiɗa a tebur, ta ɗaga farar takardar da aka rufe da ita.

Ta Malam ce. Tun kafin a kawo awarwaro na sani, daga yadda yake jan wutsiyar baƙi. Jan launin ya koɗe, koren yana nan daram. Gefen sama ya yi baƙi da hayaƙin fitilar kananzir, akwai kashin ƙuda, da wani ɗigon da na tabbata shayi ne. A kusurwa huɗu ramin ƙusa, duka a kan farin gefen da Malam yake bari da gangan, yana gaya wa mai saya cewa a nan kaɗai za a buga. Wanda ya sayi wannan ya ji magana. A Kano da tuni an ƙone ta. A nan ga ta kwance a cikin sanyi, ana sa safar hannu kafin a ɗaga ta.

Matar ta ce ƙarfe ba zai hau takarda ba. Ta kawo wata leda mai kauri, garau kamar gilashi, ta ɗora a kai, sannan ta ce wa uwargida bismilla. Uwargida ta ɗora awarwaron a kan da'irar farko. Ya zauna cif, lotso a kan lotso. Ta matsar zuwa ta biyu, ta ɗan juya shi, ya zauna. Ta bi su a jere, ba wanda ya hana ta, har ta zagaye takardar ta dawo inda ta fara. Sannan ta tsaya da yatsa a kai.

"Cewa ya yi da yamma zai dawo mini da shi," in ji ta.

Surukina bai fassara ba, matar kuma ba ta tambaya ba. Ta jawo kujera ta ba uwargida, ta ce ta zauna ta kalla iya son ranta. Mun daɗe a wurin. Uwargida ta karanta sunayen Allah da ke tsakiya daga farko har ƙarshe, ta yi wa mahaifinta addu'a, muka shafa har da matar.

Bayan nan aka koma magana. Matar ta auna awarwaron, ta ɗauke shi hoto ta kowane gefe, ta rubuta sunan Malam da unguwarsa da fensir. Ta ce ta taɓa ganin hotunan takardu masu kama da wannan a wani gidan tarihi a Ingila, da wani a Amurka, su ma ba suna, za ta rubuta musu su duba da'irorin. Sannan ta tambaya ko za a bar musu awarwaron, ko da aro ne, a ajiye shi tare da fostar. Uwargida ta mayar da shi hannunta, ko da yake yatsu uku kaɗai suke shiga cikinsa.

"Gaya mata sau ɗaya na ba da aronsa," ta ce wa surukina, "sai da na yi 'ya'ya aka dawo mini da shi."

Wannan ya fassara. Matar ta yi dariya har ta cire tabarau.

Na tambaya ko yanzu za a sa sunan Malam. Ta ce ita ta gamsu, amma ba ita kaɗai ke yankewa ba. Za ta rubuta a bayanan gidan cewa ana jin aikinsa ne. Kafin a cire wannan kalma ta ana jin, sai an sami wata fostar ta biyu a Kano da aka san tarihinta: bangon da ta zauna, da wanda ya saye ta a hannun Malam, ko ɗansa da ya gani. Na ce mata da wuya, na gaya mata dalili. Na zaci za ta yi mamaki. Ta ce su ma haka suke yi da tsohon Alƙur'ani, ƙonawa ake yi a kai tokar teku. Ta ce ba ta ga laifin kowa ba.

Ta ba mu hoton fostar mai kyau, babba, wanda aka ɗauka ba gilashi. Turaren kuwa na bar shi a masallacin gidan, inda ba wanda za a kora.

Sauran kwanakin ba wani abu. An kai mu mun ga tagwayen benayen nan masu tsawo, na ɗaga kai har hulata ta faɗi. An ba ni wani ɗan itace mai ƙaya da suke ji da shi, warinsa kamar albasa ta ruɓe a cikin madara. Na ɗanɗana don kada a ce na raina, ban ƙara ba. Ranar tafiya jikokin suka raka mu, babbar ta ce mini sai wata rana da Hausa. Na karɓa.

Mun sauka Kano da rana tsaka, ƙanena yana jira. Uwargida ta sa an yi wa hoton firam, ta rataye shi a ɗakinta. Ta ce wa kafinta ya buga ƙusar a katako, kada ta taɓa takarda.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne, zan faɗe shi a taƙaice. Mu mun girmama takardun nan muka ƙone su. Waɗancan sun girmama ta suka sa ta a durowa. Iyayenmu ba su yi kuskure ba, kuma ba zan ce a daina ba. Sai dai da kowa ya bi hanyarmu, da uwargida ta koma ga Allah ba ta sake ganin hannun mahaifinta ba.

Tun da na dawo nake zagayawa bayan la'asar, Fagge, Kurmi, tsoffin shagunan teloli. Mutane da yawa sun tuna fostar. Wani tsohon mai shayi ya nuna mini ramukan ƙusa huɗu a bangonsa, ya ce bara ya ƙone tasa, da ya sani da ya jira ni.

Don haka ga roƙona gare ka, kai da kake karantawa. Duba zauren gidanku, da bayan ƙyaure, da ƙasan adakar kakarka, da shagon da ka gada. Idan ka ga takarda mai sunayen Allah a tsakiya, da da'irori ja da kore da ruwan ɗorawa a kewaye, kowacce da ɗan lotso a gefe ɗaya, kada ka ƙone ta tukuna. Kada ka goge ta, kada ka manna mata salatif. Tambayi babban gidan wa ya saye ta, sannan ka sanar da ni a ƙarƙashin wannan rubutun. Za mu zo da kanmu, ni da uwargida, da awarwaron.